Motar Zango: Yadda Ake Ceto Tsohuwar Kombi Daga Bakin Tsatsa

 Yau gareji za mu shiga, amma garejin cikin gida, kuma motar da za mu tarar a ciki ta girmi da yawa daga cikinku. Masu walda, masu gyaran bodi, masu fenti, da ku direbobin da ke jin mu a tasha, a matso kusa da akwatin rediyo.

Dattawan Agadas da Damagaram da Kano ba za su rasa tunawa ba. A shekarun 1970 da 1980 akan ga Turawa 'yan yawon duniya sun ratso Sahara ta Tamanrasset, sun biyo ta Arlit da Agadas, cikin wata 'yar bas mai kumburarren goshi, ƙura ta yi mata buɗu-buɗu, an ɗaure jarkoki da tayar safaya a kan rufi. Idan dare ya yi ba sa neman masauki. Sai su faka, su ɗaga rufin motar, su kunna risho, su yi shimfiɗa a ciki. Wannan ita ce Kombi ta kamfanin Volkswagen, kuma wadda aka yi wa gado da murhu da kabad a ciki ita za mu kira motar zango, tunda duk inda ta tsaya nan ne zangon mai ita. 'Yar uwarta marar gado kuwa ita ce mutanen Legas suka fara kira danfo.

Asalinta wani ɗan kasuwa ne mutumin Holan, Ben Pon, dillalin motocin Volkswagen. A 1947 ya je masana'antarsu da ke Wolfsburg a Jamus, ya ga wata 'yar motar dakon kaya da ma'aikata suka haɗa wa kansu daga kayan motar nan mai kama da kunkuru. Sai ya zana wani abu kamar akwati mai tayoyi a littafin aljihunsa, direba a can gaba, inji a can baya, tsakiya fili. Ranar 8 ga Maris 1950 aka fara ƙera ta, da inji mai ƙarfin doki 25 wanda iska ke sanyaya shi, babu lagireto, babu ruwa. A 1951 wani kamfani mai suna Westfalia ya fara yi mata kayan ɗaki. Ƙirar farko, mai gilashin gaba rabe biyu, ta kai 1967 a Jamus. Ta biyu, mai gilashi guda, ta kai 1979. Amma a Burazil an ci gaba da ƙera ta har Disamban 2013, kuma abin da ya tsayar da ita doka ce da ta wajabta jakar iska da birki na zamani a kan kowace sabuwar mota. Shekara 63 ke nan ana haifar mota ɗaya.

Yau ta zama kayan marmari. A wani gwanjo a Amurka a 2017, an sayar da wata mai taga 21 sama da dala 300,000. Saboda haka talaka mai sha'awarta a Ingila ko Jamus ba ya kallon mai sheƙi. Ruɓaɓɓiya yake saya, wadda kaji suka yi shekaru suna kwana a ciki, ya ja ta zuwa gida, ya sayi injin walda, ya koya wa kansa. Malamin makaranta ne ko ma'aikacin gidan waya, Asabar da Lahadi kawai yake da su. Aikin yakan ci shekara biyu, uku, wani ma ya gaji ya sayar da ita a warwatse cikin kwalaye. Mu bi wannan mutum mu ga abin da yake yi, don akwai darasi a ciki ga duk mai taɓa ƙarfen mota.

Abokiyar gabarsa ɗaya ce, tsatsa. Ƙarfe da ruwa da iska idan suka haɗu, ƙarfen yakan koma wannan jan garin da muka sani. Gishiri kuwa zuga abin yake yi. A Ingila da arewacin Turai, idan hunturu ya zo ana barbaɗa gishiri a kan tituna don kada ƙanƙara ta daskare, tayoyi su watsa ruwan gishirin a cikin kowane lungu na ƙasan mota. Shi ya sa Turawan Ingila suke sayo tsofaffin Kombi daga wurare masu fari irin su Kalifoniya da Arizona, su biya kuɗin jirgin ruwa, su ga sun yi riba. Mu ma mun san wannan. Motar da ta yi rayuwarta a Legas ko Fatakwal, kusa da iskar teku, ba a haɗa ƙasanta da wadda ta tsufa a Katsina.

Tsatsa tana da wani mugun hali. Ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki-ninki, don haka takan kumbura, ta tsage, ta buɗe wa ruwa sabuwar ƙofa. Kuma a jikin mota daga ciki take faro cinta. Ruwa ya shiga cikin kogon ƙarfe, ramin da zai fita ya toshe da laka, ya kwanta shekara da shekaru. Ranar da ka ga ƙuraje sun fito a kan fenti, to ka sani ta riga ta huda ƙarfen daga baya ta iso waje. Ɗan ƙurjin da bai fi kwabo ba, idan aka kankare sai a tarar da ramin da tafin hannu zai shige.

To mutumin namu ya kawo motarsa gida, a ce ƙirar 1972. Kafin ya taɓa injin walda, abu uku yake ɗauka: fitila, sukundireba, da ɗan mayen ƙarfe. Ya kwanta ƙarƙashinta ya yi ta caka. Inda ƙarfe ke da rai zai ji ƙara tsaf. Inda ya mutu sukundireba zai shige kamar cikin busasshen burodi. Mayen ƙarfen kuma tona asiri yake yi. A bi jikin motar da shi, duk inda ya ƙi kamawa, an cika wurin da fila an shafe da fenti. Ni kaina na taɓa sayen wata mota mai kyan ɗan maciji, ba ta yi wata uku a hannuna ba na faɗa wani rami a hanya, sai ga wani ɓangare na bayan taya ya faɗo ƙasa kamar ɓawon bango. Da muka duba, tsohuwar jarida da ragar sauro aka cusa a ramin aka lulluɓe da fila. Da na san da mayen ƙarfe a ranar ciniki, da ban yi wannan asara ba.

Kombi tana da wuraren da aka san tana ruɓewa, kusan kowace. Dokin ƙofa na gefe biyu, wato dogon kogon ƙarfen da ke bin ƙasan motar daga tayar gaba zuwa ta baya. Haƙarƙarin da suka fito daga shasi suka tallafe daɓen. Wurin da ake kafa jak. Matakin da direba ke takawa. Bakin da ya kewaye tayoyi. Ƙasan ƙofofi. Gefen gilasai, ƙarƙashin roba, inda ruwa ke maƙalewa. Indararon rufi. Sai faifan da batir ke zaune a kai a can baya kusa da inji, wanda ruwan batir ke cinyewa ko da motar ba ta taɓa ganin ruwan sama ba.

A nan akwai abin da ya kamata a fahimta. Motar kunkuru ana iya kwance kusoshi a ɗage bodinta gaba ɗaya daga kan daɓenta. Kombi ba haka take ba. Bodinta da shasinta walda ta haɗe su sun zama abu guda, kowane na riƙe da ɗan uwansa. Saboda haka dokin ƙofar nan ba ado ba ne, yana cikin abin da ke ɗauke da motar. Wanda ya zo da zafin nama ya yanke gefe biyu lokaci guda, motar za ta saki jiki ta lanƙwashe ba tare da ya lura ba, ya yi waldarsa ya gama, sai ya zo rufe ƙofa ta ƙi rufuwa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Masu hankali sukan daidaita motar a kan madogarai, su auna, su rubuta awon, su yi wa bakin ƙofofi tokara da ƙarfe mai kusurwa, sannan su yanke gefe ɗaya kawai, su bar ɗayan ya zama abin kwatance. Kuma sukan bar ƙofofin a rataye, don tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi ita ce ke fara nuna cewa wani abu ya motsa.

Yanzu mu zo kan abin da ya sa na ɗauko wannan batu. Tsatsa ba a rufe ta, yanke ta ake yi. Akwai magunguna a kasuwa masu sinadarin asid da ke mayar da jan tsatsa baƙi, suna da amfani a inda ta ɗan taɓa saman ƙarfe mai kauri. Amma inda ƙarfe ya yi siriri kamar takarda, ko ya huje, babu ruwan kwalbar da zai mayar da abin da ya tafi. Sai a yanka, a ci gaba da yankawa har a iso ƙarfe mai haske mai cikakken kaurinsa. Zuciya takan yi nauyi a wannan wuri, domin ramin yakan ninka abin da mutum ya zata. Amma wanda ya tausaya wa tsatsa ya bar 'yar kaɗan a gefe ya yi faci a kanta, ya shuka iri ne, damina biyu za ta tsiro.

Bayan yanka sai faci. Akwai kamfanoni da ke ƙera sabbin ɓangarorin bodin Kombi, kusan kowane yanki, sai dai da wuya ka samu wanda zai zauna daram ba tare da datsa da bugu ba. Ƙananan wurare kuwa da hannu ake yi. A ɗora kwali a kan ramin, a zana, a yanke, a kwafa a kan falangen ƙarfe, a lanƙwasa da guduma. Sharaɗin shi ne kaurin facin ya yi daidai da na wurin. Fatar bodi ba ta wuce milimita ɗaya ba, wani wurin ma ba ta kai ba. Sassan shasi sun fi haka kauri. Kuma mafi kyan faci shi ne wanda aka yanka daidai da bakin ramin, baki ya haɗu da baki. Wanda aka ɗora a kai kamar facin riga ya fi sauƙi, amma tsakanin ƙarafan biyu ya zama ɗakin kwanan ruwa.

Mu ɗan sha iska, sannan mu kunna injin walda.

[Kiɗan taushi]

Madalla, barkanmu da dawowa. Ga wanda bai jima da kama mu ba, muna magana ne a kan yadda ake tayar da tsohuwar motar zango da tsatsa ta ci.

Waldar da aka fi sani a unguwanninmu ita ce ta lantarki mai sanda, wadda ake yin ƙofofi da tagogi da ita. Ita gwana ce a kan ƙarfe mai kauri. A kan fatar mota kuwa huda take yi, ka nufi ɗinke rami ɗaya ka buɗe uku. Ta biyu ita ce ta gas, mai harshen wuta, wadda masu gyaran bodinmu suka ƙware a kai. Na ga dattijon da ke ɗinke siririn ƙarfe da ita kamar tela, kuma ban raina wannan gwaninta ba. Matsalarta zafi ne, yakan bazu nesa ya murɗe falange. Shi kuwa mutumin namu na Ingila, injin da ake kira MIG yake amfani da shi. Waya ce siririya, milimita 0.6 ko 0.8, naɗe a kan ƙwarƙwaro, injin na turo ta ta cikin bindigar walda, gas na argon da aka gauraya da kabon dayoksaid yana fita tare da ita yana kare narkakken ƙarfen daga iska. Ɗan koyo yakan kama ta da wuri. Amma tana da tsirfa. Ba ta son datti, sai an goge fenti da tsatsa da maiƙo har ƙarfe ya yi fari tas. Ba ta son iska, domin iska na kore gas ɗin waldar ta fito da ƙananan ramuka kamar soso. Idan an daidaita wuta da gudun waya, za ka ji ƙararta kamar ana suyar ƙosai a mai mai zafi. Idan ka ji tana tari tana tofi, akwai gyara.

Babban sirrin waldar siririn ƙarfe shi ne haƙuri. Ƙarfe yana narkewa ne a wajen digiri 1,500, kuma duk inda ya narke, idan ya huce sai ya tsuke ya ja na kusa da shi. Gefen Kombi kuwa shimfiɗaɗɗe ne, dogo, kamar ƙyauren shago, babu lanƙwasar da za ta riƙe shi. Ka ja layin walda mai tsawon taƙi ɗaya a kai ba tsayawa, sai ka ga gefen motar ya yi igiyar ruwa, kuma gyara wannan ya fi facin wuya. Don haka ɗigo ake yi. Ɗigo ɗaya a nan, a tsallaka can nesa a yi wani, a dawo wani gefen, a tsaya. A taɓa da bayan hannu, in ba za ka iya barin hannunka a kai ba, to jira. Haka za a yi ta zagayawa, ɗigo na cike tsakanin ɗigo, har su haɗu su zama layi guda marar ƙofa. Facin da bai fi tafin hannu ba yana iya cin rabin yini. Tsakani akan sa dalin ƙarfe a baya a ɗan bubbuga ɗigon da guduma, don a miƙar da abin da ya tsuke. In rami ya buɗe, a kara guntun jan ƙarfe a bayansa a cike, domin waldar ba ta kama jan ƙarfe, kuma yana shanye zafi.

Inda masana'anta ta haɗa falange biyu da ɗigon walda tun asali, akwai bakin dirila na musamman da ke cire ɗigon ba tare da ya huda na ƙasa ba. Wajen mayarwa sai a huda sabon falangen ramuka masu faɗin milimita 6 zuwa 8, a matse shi da na ƙasa sosai, a cike kowane rami da walda tun daga tsakiya. Sannan a goge. Gugar ma tana haifar da zafi, kuma mai gaggawa yakan cinye ƙarfen gefe ya mayar da shi siriri, ya ɓata abin da ya yini yana ginawa.

A Birtaniya akwai gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT. Ƙa'idarsa ita ce, idan tsatsa ta raunana ƙarfe a cikin santimita 30 daga inda aka ɗaure birki, ko sitiyari, ko ƙafar mota, ko bel ɗin kujera, motar ta faɗi. Faci a irin wannan wuri sai an zagaye shi da walda ba yankewa, kuma ba a karɓar liƙin tagulla. Tun watan Mayun 2018 an ɗauke wa motocin da suka haura shekara 40 wannan gwaji, wanda a ganina ya ƙara wa mai gyaran gida nauyi ne, tunda yanzu babu mai leƙa ƙarƙashin motarsa sai shi da Allahnsa. Mu da ba mu saba da mai leƙawa ba tun farko, wannan awo na santimita 30 ya cancanci kowane mai gyaran bodi ya riƙe shi. Akwai kuma sassan da ba a yi musu faci sam. Ƙaton bututun da ke riƙe da ƙafafun gaba na Kombi yakan ruɓe daga ciki. Wannan canja shi ake yi.

Yanzu maganar rai. Tankin man Kombi yana can baya, tsakanin kujerar ƙarshe da inji, kuma galibi sai an sauke inji ake iya fitar da shi. Ragwanci yakan sa mutum ya ce ai na tsiyaye man. Jama'a, tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur ne ya cika shi, kuma tururin ne ke fashewa. A fitar da tanki da tiyonsa, a kai su nesa. A cire batir. A fitar da tukunyar gas ɗin girki, da katifa, da labule, da katakon kabad, da duk soson da aka cusa a bango. Kafin kowane ɗigo a leƙa bayan ƙarfen a ga abin da ke wurin, waya ce ko baƙin kwaltan da ake shafa wa ƙasan mota. A ajiye abin kashe gobara kusa da hannu, kuma bayan an tashi daga aiki a zauna kamar awa ɗaya ana sa ido, saboda tartsatsi yakan ɓuya ya ci a hankali. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: kwanson injin wannan mota da na giyarta an yi su da gaurayen magniziyam. In wuta ta kai ga kama shi, ruwa ƙara mata ƙarfi yake yi. Busasshen yashi ake zubawa. Kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko bulon siminti, wanda kan fashe ba sallama.

Sai ido. Ina roƙon iyayen gidan masu walda su saurare ni a nan. Kullum muna ganin yara 'yan koyo suna walda da baƙin tabarau na kasuwa, wasu ma runtse ido kawai suke yi. Hasken walda yana ƙona fatar ƙwayar ido, kuma ba a ji nan take. Sai bayan awa shida zuwa goma sha biyu, cikin dare, yaro ya farka kamar an zuba masa yashi a ido, hawaye na zuba. Tabarau na rana ba ya tare wannan haske, ƙara buɗe ƙwayar idon ma yake yi. Garkuwar fuska mai gilashin walda na ainihi ita ce kariya, ga mai yi da mai riƙe masa. In abin ya faru, kada a ɗiga madara ko ruwan wani ganye, a je wurin ma'aikacin lafiya. In kuma ɓarɓashin ƙarfe ne ya shiga daga injin guga, kada a sa tsinke.

Huhu ma haka. A 2017 hukumar binciken cutar kansa ta duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Ƙarfen da aka yi wa rufin tutiya, irin kwanon rufi, idan aka yi masa walda yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon jiki cikin dare, kuma shan madara da ake cewa yana karewa ba ya karewa. A goge tutiyar kafin walda, a yi aiki inda iska ke wucewa. Akwai kuma wani irin ruwan wanke birki mai sinadarin kulorin. Wanda ya goge ƙarfe da shi ya kunna walda a kai, zai iya haifar da fosjin, gubar da aka yi yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A karanta jikin gwangwani. Masu amfani da tukunyar kabaid ta haɗin gida kuma, ku sa abin tare wuta a kan tiyo, kada harshen wuta ya koma baya ya iske tukunyar.

Idan walda ta ƙare, saura abin da ido zai gani, kuma a nan ne yawancinmu muka fi ba da ƙarfi. Fila ba laifi ba ce. Aikinta cike 'yan ƙananan kwarin da guduma ta kasa, kauri kamar milimita 2 ko 3. Tana shan ruwa, don haka duk filar da aka ɗora a kan rami ko a kan tsatsa kwananta ƙidayayye ne. Masu aikin ƙwarai sukan fara fesa wa tsiraran ƙarfe share-fagen fenti na ifoksi, wanda ruwa ba ya ratsawa. Share-fagen nan ruwan toka da aka saba da shi yana tsotsar raɓa, mota ta yi wata biyu a waje da shi sai tsatsa ta fito ta ƙarƙashinsa. A bi duk layin walda da danƙon toshe gaɓa. Sai guga da samfefa naɗe a kan dogon katako, ba da tafin hannu ba, in ana son gefen ya miƙe. Fentin zamani mai haɗi biyu yana da sheƙi da ƙarko, amma sinadarin da ke busar da shi yana jawo asma, ƙyallen rufe hanci ba ya tare shi, sai abin rufe fuska mai kawo iska daga waje. Saboda haka da yawa daga masu gyaran gida a Turai sukan yi komai da kansu, in an zo feshin ƙarshe su kai wa masu ɗakin fenti.

Aiki na ƙarshe babu mai ganinsa. Bayan facin, can cikin kogon ƙarfe, walda ta ƙone duk wata kariya, ƙarfe tsirara yake. Sai a zura siririn tiyo ta ramuka a fesa narkakken kakin hana tsatsa a cikin dokin ƙofa da haƙarƙari da ƙasan ƙofofi har ya ɗiɗɗigo waje, sannan a tabbatar ramukan fitar ruwa a buɗe suke. Wanda ya tsallake wannan, aikin shekara uku zai fara ruɓewa daga ranar da ya gama shi.

Wani zai ce, mu da muke fama da kuɗin fetur, ina ruwanmu da wasan Turawa? Gaskiya ne ba kowa ke da halin ajiye mota shekara uku tana cin kuɗi ba ta kawowa ba. Amma ƙarfen bas ɗin haya da ke ɗaukar mutum 18 zuwa Zariya, da na a-daidaita-sahu, da na akori-kurar da ke dakon hatsi, duk tsatsa ɗaya ce ke cin su, kuma hannun da ke Fanteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano bai gaza na kowa ba. Abin da ke ragewa sau da yawa daga mai mota ne, wanda ke son a gama masa yau, a kan kuɗin fila, ya fita da sheƙi. Ku masu mota, in mai gyara ya ce sai an yanka, ku bar shi ya yanka, ku ce ya nuna muku waldar kafin ya rufe ta. Wanda kuma yake da tsohuwar Kombi a bayan gida awaki na hawa, ya bincika darajarta kafin ya miƙa wa 'yan gwangwan a kan kilo.

Lokaci ya cim mana. Iyayen gida, kafin mako mai zuwa a saya wa yaran shago garkuwar fuska, ko da guda ɗaya ce su riƙa karɓa-karɓa.